Sumar Mai Aski

Idan ka bi layin da ya ratsa bayan kasuwa, ka wuce mai gyaran waya da mai shayi, za ka ga wani shago mai ƙofar gilashi wadda ta tsage a gefe aka liƙe ta da salatif. Shagon Sannu-Sannu ke nan. Kada ka wahalar da kanka da tambayar ainihin sunansa, don ko matarsa sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuno. Aikinsa ne ya raɗa masa wannan. Mutum ne da in ka ba shi kanka, to ka ba shi wuninka. Zai kalli kan ta gaba, ya zagaya ya kalle shi ta ƙeya, ya ja da baya ya karkata wuya kamar mai shirin saye, sannan ya kunna inji. Masu gaggawa sun sha yi masa tsaki. Amma duk wanda zai ɗauki hoto ko zai je neman aiki, kujerarsa yake jira.

Kujeru biyu ne a shagon, suna fuskantar dogon madubi guda. Ta dama tasa ce. Ta hagu ta ƙaninsa ce, Auta, wanda bai ɗauko shi a komai ba sai dogon hanci. Auta hannunsa da sauri, bakinsa da sauri, zuciyarsa kuma a kusa take. Kafin yayan ya gama gyara gefen kunne ɗaya, shi ya sallami mutum biyu, ya haɗa musu da labarin ƙwallo kyauta.

Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe. Sannu-Sannu ya ajiye makaranta ya shiga koyon aski, daga baya ya kafa benci da madubin hannu a bakin tashar mota, yana aske direbobi a tsakanin lodi da lodi. Da wannan bencin ya ciyar da gida, da shi ya sa Auta a makaranta, a hankali har ya kama shago. Da Auta ya tasa ya ce shi ma aski zai koya, sai aka rasa wanda zai ba ɗan koyo kansa. Sannu-Sannu ya zauna a kujera, ya yafa wa kansa mayafin aski, ya miƙa masa reza. Ba a je ko'ina ba rezar ta zame ta tsaga shi a bayan kunnen hagu. Auta ya yar da ita ya fashe da kuka. Yayan ya danne wurin da auduga ya ce, "Ɗauki ka ƙarasa. Haka zan fita da rabin kai mutane su yi mini dariya?" Tabon yana nan har yau.

Mai aski komai gwanintarsa ba ya ganin ƙeyarsa. Don haka tun daga ranar suka yi wa kansu doka ba tare da sun furta ta ba. Duk ranar Litinin da safe, lokacin da kasuwa ba ta gama farkawa ba, sai su shiga shago su turo ƙofa. Yayan ya fara aske Auta, sannan su yi musayar wuri. Sun yi aure, sun hayayyafa, sun binne mahaifiyarsu, amma Litinin ba ta taɓa wuce su ba. Babu wani hannu da ya sake hawa kan ɗayansu in ba na ɗan'uwansa ba.

Sai ga zaɓen majalisar dokokin jiha ya ƙarato.

Ɗan majalisa mai ci, wanda kowa ke kira Onarabul, yana neman komawa. Sannu-Sannu ya san kansa tun yana saurayi mai riga ɗaya, ya san inda gashin ya fara gudu da inda yake tsayawa ƙyam. Kuma yana da wata fahimta tasa da ba mai raba shi da ita: wai mutumin da ke zama cak a ƙarƙashin reza, ba ya motsi ba ya leƙen madubi, mutum ne mai haƙuri da amana. Onarabul kuwa ba a taɓa yin mai zama cak irinsa ba. Gaskiya tun da ya ci zaɓen farko bai sake taka layin ba, amma Sannu-Sannu yakan ce aiki ne ya yi masa yawa. Ita dai kwatar da ta bi ta ƙofar shagon ba ta san wannan fahimta ba. Da an yi ruwan kirki sai ta cika ta tumbatsa ta shigo har ƙarƙashin kujeru, 'yan'uwan su naɗe ƙafar wando su kama kwarfa.

Auta kuwa Hedimasta yake yi, wani tsohon shugaban makaranta da ya koyar da 'ya'yansa. Akwai kuma ta uku, Malamar Asibiti, wata ungozoma da ta yi ritaya ta fito a wata ƙaramar jam'iyya. Fostocinta ƙanana ne, ba ta da motar lasifika, a ƙafa take bi gida-gida da jakarta a hammata. In an ambace ta a shagon dariya ake yi, a koma kan maganar manya.

Wata ranar da shagon ya cika, Sannu-Sannu ya dawo daga sayen reza ya tarar da fuskar Hedimasta manne a saman madubi.

"Auta, cire takardar nan. Madubi na duba fuska ne."

"Ai ɓangarena ne, Yaya. Kai ma ka manna naka a naka ɓangaren."

"Madubin nan ba shi da ɓangare."

"To, bari mutuminka ya zo aski sai in cire," in ji Auta yana ci gaba da aikinsa. "Ka ga ke nan za ta daɗe a wurin."

Shagon ya kwashe da dariya. Da su biyu ne kawai, da Sannu-Sannu ya murmusa ya wuce, don ya saba da bakin ƙaninsa. Amma dariyar nan ta soke shi, musamman da yake ya san akwai gaskiya a maganar. Mutumin da bai taɓa yin komai da gaggawa ba, ranar ya yi. Ya miƙa hannu ya yage fostar, ya dunƙule ta ya jefa cikin kwandon gashi.

"Ni na ɗora ka a kujerar nan," ya ce. "Shago nawa ne. In ba za ka bi dokata ba, ga ƙofa nan."

Wurin ya yi tsit. Auta ya ƙarasa kan da ke gabansa, ya gyara layin goshi, ya shafa hoda, ya karkaɗe mayafi. Sannan ya naɗe injinsa da almakashi da mataji cikin tawul, ya fita. Washegari aka ce an gan shi a bakin tasha da benci da madubin hannu, daidai inda yayansa ya fara.

Litinin ta farko Sannu-Sannu ya yi sammako kamar yadda ya saba. Ya share shago, ya ɗiga wa inji mai, ya rataya mayafi a kujerar hagu. Ya zauna yana kallon ƙofa har mai shayi ya fara wanke kofuna. Litinin ta biyu ma haka. Daga nan gashi ya fara abin da gashi ya saba. Ya rufe kunnuwa, ya sauko ƙeya, ya yi tsiri-tsiri a tsakar kai. Sannu-Sannu ya sayi hula, da ta yi kaɗan ya sayi wadda ta fi ta. Masu zuwa aski suka samu abin tsokana. Mai gyaran waya ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin mai aski da suma irin ta mawaƙa ba. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Haba Sannu-Sannu, ga masu aski nan birjik a gari. Ko ni ka ba ni injin nan in rage maka."

Sau ɗaya ya je har ƙofar wani shago a layin gaba. Ya tsaya ya kalli yadda mai shagon ke riƙe inji, ya girgiza kai ya juyo, yana gaya wa kansa mutumin bai iya ba ne. Ƙarya yake yi wa kansa. Gaskiyar ita ce yana tsoron ranar da wani hannu ya hau kansa, to ranar ce zai yarda cewa ba shi da ƙani. Kewar Auta ta dame shi ƙwarai. Shagon ya yi masa faɗi, rabin madubin kuma ba ya nuna komai sai kujerar da ba kowa.

Matarsa, mai ɗinki ce a gida, ita ce ba ta raga masa. Ta ce ta gaji da kwana kusa da tsintsiya. Wata rana tana cikin taka keke, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Na je gidan Auta ɗazu. Shi ma hular har kunne."

"Ina ruwana?" in ji shi. Amma ranar sai da ya nemi ƙarin abinci.

Sai ya ɗora dukan begensa a kan sakamakon zaɓe, ya tsara abin tsaf a ransa. In Onarabul ya ci, zai wanke ƙafa ya je tasha a matsayin babba wanda ya yi nasara, ya ce komai ya wuce, ba wanda zai ce ya ƙasƙantar da kansa. In kuwa Hedimasta ya ci, ya san Auta ba zai iya haɗiye murna ba, dole ya zo shago ya yi masa gwalo. To ya zo ɗin. Ya yi gwalon har ya gaji, in dai zai shigo ta ƙofar nan. Har akwai ranar da ya kama kansa yana yi wa Hedimasta fatan alheri, ya yi maza ya duba ko wani ya ji.

Ranar zaɓe ya hango Auta a can gaban layi, hula ta yi masa tudu a ka. Ba wanda ya kalli wani, ko kuma a ce kowa ya kalli ɗan'uwansa lokacin da ɗayan ya juya. Layin mata ya yi tsawo har ya karya kwana, amma maza ba su kawo komai a ransu ba. Da ya koma gida ya ga tawada a yatsan matarsa ya ce, "Ina fata dai kin yi abin da ya kamata."

"Sosai ma," ta ce.

Washegari da hantsi shagon ya cika maƙil, ba mai neman aski. Rediyo na kan kanta a tsakanin gwangwanin hoda da kwalbar man gashi, ana kawo rahoto kai tsaye daga zauren tattara sakamako. Da aka karanta mazaɓar farko, mutanen Onarabul suka buga tafi. Ta biyu ta faɗa hannun Hedimasta, ɗaya ɓangaren ya rama. Sai dai a kowace mazaɓa sunan Malamar Asibiti yana nan biye da su, ba ta yi nisa ba. Mai gyaran waya ya ce, "Ƙuri'un mata ne, yanzu za su ƙare."

Ba su ƙare ba. Da aka shiga unguwannin bayan kasuwa da na bakin tasha, sai ta fara cinye akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Tafi ya ɗauke a shagon. Wani ya ce a ƙara murya, wani ya ce batirin ne ya yi sanyi, kamar batiri zai canja ƙuri'a. Can baturen zaɓe ya gyara murya ya karanta jimilla, ya ce Malamar Asibiti ce ta lashe kujerar, da tazarar da ba ta bar wurin musu ba.

Kafin kowa ya buɗe baki, ihun murna ya tashi daga cikin gidajen layin. Mai shayi, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ya fashe da dariya har shayi yana zuba.

"Ku yafe ni, jama'a," ya ce. "Ni ma ita na dangwala wa. 'Ya'yana kaf a hannunta aka haife su. Da wane ido zan kalle ta?"

"Munafuki!" in ji mai gyaran waya. Sai ya sosa ƙeya. "To, ni ma dai haka ne."

Aka sake kwashewa da dariya, wannan ya tona kansa, wancan ya tona maƙwabcinsa. Sannu-Sannu kaɗai ne bai yi dariya ba. Faɗuwar Onarabul ba ta yi masa zafin da ya zata ba. Abin da ya dame shi shi ne duk hanyoyin nan biyu da ya shimfiɗa sun toshe a lokaci guda. Ba shi da nasarar da zai ɗauka ya kai tasha, Auta kuma ba shi da gwalon da zai kawo shago.

Ya rufe shago da wuri ya koma gida. Ya tarar da matarsa tana goge wata riga tana 'yar waƙarta.

"Ke ma?" ya ce.

"Ni ma. Ni da matar Auta tare muka je, tare muka dawo. Mu ai ba mu yi faɗa ba." Ta ajiye dutsen guga. "Matar nan har layinku ta je. Ta tsaya a bakin kwatar nan ta tambaye mu daga ina ruwan yake tarowa, ta bi ta da ƙafa har ƙarshe. Kuna ciki kuna musun wa ya fi wa iya zama a kujera."

Ya zauna a bakin gado ya cire hula. Sumar ta miƙe ta yi tsaye. Ya daɗe yana juya hular a hannu kafin ya ce, "Yanzu da wane dalili zan je wurinsa?"

Ta dube shi, tsokanar ta bar fuskarta. "Maigida, yaron da ka goya a bayanka? Sai baturen zaɓe ya ba ka izini za ka je ka gan shi?" Ta ɗauki dutsen gugarta. "Gobe wace rana ce?"

Litinin ce, ya kuma sani.

Da safe ya naɗe injinsa mai batiri da almakashi da mataji cikin tawul, ya kama hanyar tasha. Rabonsa da wurin da ƙafa an daɗe. Ƙamshin fetur da kiran 'yan kamasho suna nan yadda ya bar su. A ƙarƙashin wata rumfar kwano ya hango Auta zaune a benci shi kaɗai, ya rafka tagumi, madubin hannu a kife kusa da shi. Da ya ga yayansa sai ya miƙe zumbur.

"Yaya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau."

Suka tsaya cirko-cirko. Duk jawabin da Sannu-Sannu ya haɗa a hanya ya gudu ya bar shi. Sai ya warware tawul ya ce, "Zauna. Cire hular."

Auta ya zauna ya cire. Wani direba da ke shan shayi a gefe ya ƙware don dariya, ya kira abokansa su zo su ga ikon Allah. Sannu-Sannu bai kula su ba. Ya yafa mayafi, ya kalli kan ta gaba, ya zagaya ta ƙeya, ya sa mataji ya ɗaga gashin. A nan hannunsa ya tsaya.

Furfura ce. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ta cika gefen kunnuwa ta haura tsakar kai. Duk shekarun nan yana kwashe gashin tun bai tsiro sosai ba, bai taɓa ba shi damar nuna launinsa ba. A idonsa Auta yana nan yaron da ya yar da reza yana kuka. Ashe wanda ya nuna wa ƙofa a gaban mutane dattijo ne mai 'ya'ya, wanda ya tsufa a gefensa yana tsaye a kan ƙafafunsa daga safe har yamma. Kunya da tausayi suka rufe shi, idonsa ya ciko.

"Auta, ka yi furfura."

"Ai kai ka fara, Yaya. Na daɗe ina gani, ban dai faɗa maka ba ne."

Sannu-Sannu ya kunna inji. Gashi ya riƙa zuba a kan mayafi, baƙi da fari. Sai da ya kai rabi, yana tsaye a baya inda ba sai sun haɗa ido ba, sannan ya ce, "Maganar da na faɗa ranar nan, ba haka ba ne. Shagon namu ne. Ka yafe ni."

Kafaɗun Auta suka ɗan motsa. "Ni ma bakina ya yi yawa," ya ce.

"Daina motsi, kada in yanke ka."

"Ka rama ke nan."

Da ya gama ya shafa hoda ya miƙa masa madubin hannu. Sannan ya cire tasa hular zai zauna a benci, amma Auta ya riƙe hannunsa.

"A'a, Yaya. Wannan dajin ya fi ƙarfin madubin hannu. Mu je shago."

Haka suka ratso kasuwa, ɗaya da sabon aski yana sheƙi, ɗaya da suma a buɗe ko hula babu, kowa da ƙunshin tawul a hammata. A bakin layi suka wuce mata suna ta yi wa juna barka. Mai shayi ya hango su ya ɗaga buta sama ya ce, "To, wannan sakamakon ya fi na jiya! Kuma kun huta, ita dai Malama ba za ta zo aski ba, balle ku yi rigimar kujerar da za ta zauna."

"In ta gyara mana kwata, mijinta ya samu aski kyauta," in ji Auta.

Suka shiga suka turo ƙofa. A saman madubi har yanzu akwai ɗan guntun takarda da ya maƙale tun ranar. Auta ya kankare shi da farce, ya goge wurin da gefen tawul. Sannu-Sannu ya zauna a kujerar hagu, aka yafa masa mayafi. Injin Auta ya shiga sumar da saurinsa na kullum, gashi yana zubowa ta ko'ina, bakinsa kuma ya buɗe da labaran tasha da ya tara. Da ya iso bayan kunnen hagu sai labarin ya tsaya. Ya sa babban yatsa ya lalubo tabon, ya rufe shi, ya bi gefensa da injin a hankali, kamar yadda yake yi duk ranar Litinin tun yana ɗan koyo. Sannu-Sannu ya lumshe ido, ya bar masa kan.